Allurar Zafi a Motar Umma

A gidanmu ba a kunna mota a wuce kai tsaye. Dokar Baba ce tun yana da idonsa: a ɗaga kafo, wato murfin injin, a duba ruwa, a duba baƙin mai, a tayar da injin, a bar shi ya ɗumi minti goma, sannan a buɗe ƙofar gida. Ban taɓa jin wanda ya tambaye shi dalili ba. Haka ya ga ubangidansa yana yi a Kano, haka ya zo da abinsa Libreville, garin da ko da asuba gumi mutum yake.

Ina aji biyu a kolej ciwon suga ya cinye masa gani. Ya daina zuwa rumfarsa ta yadi a Mont-Bouët, motar ta yi wata da watanni a tsakar gidanmu na Nombakélé, tayoyinta suka sace, kajin maƙwabta suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Sai Umma ta shiga makarantar tuƙi da izininsa. A karo na biyu ta ci jarrabawa, ta kawo farmi, lasin tuƙi, gida ta sa masa a hannu ya shafa. Matan Gabon suna tuƙi ba mai waiwayensu, amma a cikin mutanenmu na lungun ita ce ta fara, kuma an yi magana. Wanda ya fi kowa yi shi ne Baffa, ƙanin Baba. Shi so yake a shafe motar da ja da fari ta zama taksi a hannunsa, ranar Alhamis kuma ya riƙa kai Baba asibiti in ya samu sarari. Baba ya ce a'a, ya ba Umma makulli.

Umma ta ɗauki dokar safiya yadda take, ba ta rage komai ba. Sai dai minti goman nan ba ta da lokacin zama. Da ta tayar da injin sai ta koma ciki ta yi wa Baba allurarsa, ta haɗa masa shayi. Ƙofar gidanmu kuwa sakata ce kawai, ba a barin mota a kunne da makulli a jiki ba kowa. Ni aka ba gadi. In zauna a kujerar gaba da jakata a cinya, in jira.

Ba wanda ya san motar nan a wannan lokacin kamar ni. Na san injin yana fara da ƙara mai ƙarfi, sannan ya sauke murya. Na san allurar zafi tana kwance a ƙasa, wajen shuɗi, sai ta riƙa tasowa a hankali, ba ta kai tsakiya sai mun wuce kasuwa. Ina da wani sirri kuma. Baba ya hana kunna rediyo lokacin ɗuma mota, ya ce yana shan batir. Ni kuwa da Umma ta shige sai in murɗa shi ƙasa-ƙasa, in kara kunnena, in kashe da na ji takunta.

Wata safiya cikin damina na murɗa rediyon, ko waƙa ɗaya ba ta ƙare ba sai na ga allurar ta zabura daga ƙasa ta haye kan ja, kamar an harbe ta da yatsa. Fankar gaba ta kama ihu. Na kashe rediyon da sauri. Na fito na dafa kafo. Sanyi ƙalau, ga ɗigon ruwan sama ko bushewa bai yi ba. Kafin in koma ciki allurar ta faɗo ta kwanta inda take, fanka ta yi shiru. Umma ta fito tana gyara mayafi, ta leƙa tablo, inda allurorin suke, ta yi bismillah, muka tafi.

Ban faɗa ba. Ni dama ba mai magana ba ce. A makaranta malamai sun gaji da rubuta min a takardar sakamako cewa ba a jin muryata. In baƙo ya zo gida gaisuwata ba ta wuce haƙorana. Ga shi kuma na tabbata ni na jawo. Na daina taɓa rediyon tun daga ranar, amma abin bai daina ba. Ya sake yi sau huɗu ina kallo, kowane lokaci ya koma daidai kafin Umma ta fito. Sai na ce a raina na riga na ƙona wata waya a ciki, ba ta da gyara sai an gane ni.

Wasu ranakun kuma akasin haka ne. Allurar ta ƙi motsi sam har mu isa makaranta, motar ta yi ta tari kafin ta tashi, ta feso baƙin hayaƙi har ya zana tabo a bangon bayi. Warin fetur ya kama min hijabi, wata 'yar ajinmu ta ce ko a gidan mai nake kwana. Umma ta ce fetur ɗin da ta sha ne ba shi da kyau, ta sauya gidan mai.

Ranar wata Laraba aka tashe mu da rana. Umma ta ɗauke ni, muka kai wa wata mata leshi a Batterie IV. A dawowa sama ta buɗe. Ruwa ya kwanta a kan titi, motoci suna ratsa shi suna watsa wa juna, ga cunkoso. Muna fita daga wani kwari sai fanka ta kama ihun nan da na sani. Wannan karon Umma ta gani.

"Innalillahi! Ja! Ta hau ja!"

Baba ya koya mata in allura ta taɓa ja a tsaya nan take, ko a tsakiyar gada ne. Ta tsaya, rabin motar a kan titi. Hon ya tashi ta ko'ina. Wani direban taksi ya zuro kai yana yi mata ihu da Faransanci, wai ta koma kicin. Wasu maza suka turo mu gefe, ɗaya ya ɗaga kafo, ɗaya ya karɓi jarkar ruwanmu yana kwarara wa lagireto ba tare da ya tambayi kowa ba. Umma tana tsaye cikin ruwa, mayafinta ya manne a jikinta. Ba ta da wanda za ta kira sai Baffa.

Ya zo da wani abokinsa bakanike, dogo mai tsinken sakace a baki. Mutumin ya leƙa injin, ya ji labarin allura da baƙin hayaƙi, ya girgiza kai.

"Gasket ɗin kan injin ya ƙone. An yi tafiya ba ruwa."

Umma ta ce, "Na duba da safe. Wallahi na duba."

Baffa ya yi murmushi. "Matar Yaya, duba ruwan mota daban, duba ruwan tukunya daban."

Aka ɗaure mu da igiya a bayan wata mota aka ja mu gida. Da muka isa Baffa ya zare makullin ya jefa a aljihun gabansa. Na bi hannunsa da ido har ya maɓalle aljihun.

A falo ya yi wa Baba bayani. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce shi ba ƙin ta yake ba, amma yau injin ne, gobe wa ya sani, ga yarinya a mota. Baba ya daɗe yana murza carbi.

"Ranar Asabar a buɗe injin," ya ce. "In ta tabbata rashin ruwa ne, ka riƙe motar."

Umma ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Ina tsaye a bakin labule, na ji komai.

Washegari Alhamis ce, ranar asibitin Baba. Ban je makaranta ba, aka ce in riƙe masa hannu ɗaya, Umma ɗaya. Muka fita bakin titi. A garin nan taksi yakan rage gudu ne ka faɗi inda za ka, in ya yarda ya yi hon, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi ba. Da sun ga makaho da mata biyu sai su taka mai. Mun fi rabin awa a rana. Da aka samu wanda ya tsaya, garin sauri ƙafar Baba ta zurma a kwata har idon sawu. Mai ciwon suga ba a wasa da rauni a ƙafarsa. Umma ta durƙusa a bakin titi ta cire masa takalmin tana duba tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, direban yana hon. Bai ji ciwo ba, Allah ya tsare. Amma a cikin taksin, ina matse tsakanin Umma da wata mata mai kwandon kifi, na lissafa Alhamis nawa ne a shekara.

Da yamma muna tsince shinkafa Umma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin ga na duba ruwan ranar nan, ko?"

"Eh, Umma."

"Ko dai jiya-jiyan ce nake tunawa? Kaina ya ɗaure. Wataƙila Baffanki ya yi gaskiya."

Nan ne ya kamata in faɗa. Na buɗe baki, sai na ce, "Kin duba." Shi ke nan abin da ya fito.

Ranar Juma'a bayan la'asar ni ce mai gwada wa Baba suga. Nakan huda masa yatsa, in ɗiga jinin a ɗan tsinken, in karanta masa lambar. Na karanta. Na rufe akwatin, na sake buɗewa, na sake rufewa.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. "Numfashinki ya sauya. Mene ne?"

"Baba, ni na ɓata motar."

"Ke? Da me?"

Na faɗa masa komai, rediyo da allura da fanka, ina kallon tabarma. Na jira faɗa. Sai na ji ya gyara zama.

"Tsaya. Minti nawa da kunnawa ta hau jan?"

"Ko waƙa ɗaya ba ta ƙare ba."

"Kin ce kin dafa kafon?"

"Na dafa. Da sanyi."

"Sanyi kamar yaya?"

"Kamar randa."

"Injin da bai kai tsawon waƙa ɗaya ba ba ya tafasa ruwa, Uwata. Ko babu ɗigo a cikinsa. Rediyo kuwa ba ruwansa da allurar zafi." Da ya sake magana muryarsa ta yi nauyi. "Sati nawa kina ganin wannan?"

"Uku."

"Uwarki kwana biyu tana zargin kanta, kina zaune kusa da ita."

Hawaye suka zubo min a kan akwatin gwajin. Bai rarrashe ni ba. Ya miƙo min wayarsa ya ce in nemo lambar Oga. Oga mai gyaran wayoyin mota ne a Awendjé, Kirista ne mutumin Jos, shi yake duba wa Baba lantarkin motar tun kafin a haife ni. Baba ya maimaita masa abin da na faɗa. Ina jin muryar Oga ta cikin wayar yana cewa zai zo gobe da sassafe, amma sharaɗi ɗaya: kada kowa ya tayar da motar kafin ya iso. A sanyinta yake son ta, yadda ta kwana.

Asabar Baffa ya riga shi zuwa. Tun bakwai ya shigo da dogon abokinsa da akwatin sifanu. Baba yana wanka, Umma tana taimaka masa. Ni kaɗai ce a tsakar gida ina shara. Baffa ya ɓalle aljihu ya fito da makulli.

"Bari a ɗuma ta tukuna, mu ji muryarta kafin a kwance."

Ban san lokacin da na yar da tsintsiyar ba. Na tsinci kaina a jikin ƙofar direba, na ba ta baya, hannuna biyu a kan mariƙin.

"Mamana, matsa mana."

"An ce kar a kunna."

"Me? Ɗaga murya, ban ji ki ba."

"An ce kar a kunna, Baffa."

"Wa ya ce?"

"Oga."

"Wane Oga? Gidan nan akwai wani oga bayan Yaya?" Ya juya wajen abokinsa yana dariya. "Ka ji ikon Allah. Shekara goma sha uku ban ji muryar yarinyar nan ba, yau ta fara da ba ni oda."

Ban taɓa ƙin umarnin babba ba. Na kasa kallonsa, na kasa matsawa. Maɓallin rigarsa na uku nake kallo, zarensa ya kusa tsinkewa. Ya ɗora hannu a kafaɗata zai kawar da ni, ba da ƙarfi ba, sai muryar Baba ta fito daga bayi.

"Ƙyale ta. Ni na sa."

Oga ya iso wajen bakwai da rabi, gajere mai furfura, da 'yar jaka a rataye. Hausarsa ta Jos ce, mai sauri.

"Alhaji, ina gajiya? Madam, sannu da haƙuri. A'a, har an kawo sifanu? Mara lafiya bai ga likita ba an kira mai wankan gawa?"

Dogon ya cire tsinken bakinsa. "Gasket ne. Ba sai an yi dogon Turanci ba."

"Zai yiwu. Bari mu tambaye ta."

Aka fito wa Baba da kujera. Umma ta tsaya a ƙofar kicin. Oga ya ɗaga kafo, ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi ya nuna wa dogon.

"In gasket ya ƙone ruwa yakan haɗu da mai, ka ga abu kamar madara a nan. Ka ga madara?"

"Ba kullum yake nunawa ba."

"Gaskiya ne." Ya buɗe lagireto ya leƙa. "Ruwa cike."

"An ƙara a hanya."

"Shi ma gaskiya ne."

Na ɗauka zai yi musu, sai ga shi yana ba su gaskiya. Ya karɓi makulli a hannun Baffa, ya murɗa shi rabi, fitilun tablo suka kama, injin bai tashi ba. Ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ita masu gyara suke kira balis. Ya ce in shiga in zauna inda na saba, in sa wa allurar ido.

Allurar tana kwance a wajen shuɗi. Oga ya duba balis ya ce zafin da take nunawa daidai yake da na iskar safiya, ba ƙari ba ragi. Muka jira. Minti ɗaya, biyu, biyar. Ina roƙon Allah a zuciyata ta motsa. Sati uku ina tsoron ta hau, yau ina roƙon ta hau, ta ƙi.

Baffa ya tafa hannu. "To, Yaya, ka ji. Lafiyarta lau. Yarinya ta ga uwarta cikin damuwa ta yi mafarki, ba laifi ba ne. A kawo sifanu."

Na saci kallon Baba. Ya daina murza carbin. Umma ta juya ta shige kicin.

Oga ya zagayo ya tsuguna a bakin ƙofar da nake. Warin man birki yake yi da sabulu.

"'Yata, kullum take yi?"

Na girgiza kai.

"Wace rana take yi? Litinin? Ranar kasuwa? Kar ki ji tsoro, ni ma ɗiyata haka take, sai an ja magana da igiya."

Ban san ranakun ba. Idona ya kai kan durom ɗin da muke tarar ruwa a ƙarƙashin indararo. Ya sauka ƙasa da rabi, don tun Laraba ba a yi ruwa ba. Sai na tuna duk safiyar da allurar ta zabura, ina zaune a nan ina kallon durom ɗin nan yana ambaliya, takalmina a jiƙe.

"Ranar da durom ya cika," na ce.

"Durom?"

"In an kwana ana ruwa. Ranar Laraba ma cikin ruwa muka bi."

Oga ya dube ni, ya dubi durom ɗin, ya miƙe. "A ba ni buta."

Baffa ya ce, "Alwala za ka yi mata? Kai da ba ka salla?"

"Ita ce za ta yi, Malam. Ku matso."

Ya nuna musu wani ɗan ƙarfe mai ruwan tagulla, bai fi babban yatsa ba, a ɗaure kusa da inda babban tiyon ruwa ya shiga injin, da wayoyi biyu a kansa. Ya ce sunansa sansa. Kansa yana tsome a cikin ruwan injin, shi yake gaya wa ƙwaƙwalwar mota ruwan ya yi zafi ko bai yi ba. Mota ba ta da hannun taɓawa, abin da ya faɗa shi take yarda da shi.

Ya koma gaban motar, kafo ya tare min ganinsa. Ina jin ƙarar ruwan butar yana ɗiga.

"Ta motsa?"

"A'a."

Ya ƙara. Sai allurar ta yi wata 'yar rawa, ta zabura ta haye kan ja.

"Ta hau!" Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. "Baba, ta hau! Umma!"

Fanka ta kama ihu. Baba ya ɗago kai.

"An tayar da injin ne?"

Oga ya ce, "A kashe yake, Alhaji. Tun Laraba."

"Ku kai ni."

Na fito na riƙe masa hannu. Oga ya kashe makullin don fankar ta tsaya, sannan ya ɗora tafin Baba a kan injin. Baba ya shafa nan, ya shafa can. Ya ce Baffa ya kawo nasa hannun. Baffa ya taɓa ya janye.

Oga ya kwance sansan, ruwa kaɗan ya tsiyaye. Ya goge shi ya ɗaga shi a rana. Robar kansa ta tsage, tsaga siririya kamar gashi, ƙafafun wayar kuma sun yi kore. Ya ce in danshi ya shiga tsagar sai ya haɗa wayoyin biyu, sansa ya ce wa mota tana tafasa, allura ta hau ja. In kuma tsatsar nan ta yanke hanya gaba ɗaya, sai motar ta ɗauka tana cikin ƙanƙara, ta yi ta ɗura fetur don ta ji ɗumi. Baƙin hayaƙin ke nan da warin mai.

Dogon ya ce, "Wannan bai hana gasket ɗin ma ya ƙone ba."

"Bai hana ba. Shi ya sa ba mu gama ba. Madam, a taimake ni da ruwan zafi a kofi."

Umma ta kawo a kofin shayin Baba. Oga ya fito da mitar awon lantarki, ya maƙala wayoyinta a ƙafafun sansan, ya tsoma kansa a ruwan. Ya ce mai lafiya, in ya ji zafi, lambarsa takan sauko a hankali kamar mai saukowa daga bene. Baba ya ce in karanta masa da ƙarfi. Maza huɗu suna tsaye a kaina. Na karanta. Lambar ta fara saukowa, sai ta ɓace, gilashin ya zama fayau, ta dawo da wata babba, ta faɗo kusan sifili, ta sake ɓacewa. Ina faɗa ina haɗa Hausa da Faransanci, ba wanda ya yi dariya. Oga ya zaro sabon sansa daga jakarsa, ya ce tun jiya da ya ji labarin ya saye shi. Ya tsoma shi a kofin. Wannan karon lambobin suka sauko ɗaya bayan ɗaya har na gaji da karantawa.

Ya ɗaura sabon, ya cika ruwan da ya zube, ya tayar da injin da murfin lagireto a buɗe. Ya sa dogon ya tsaya a kai ya nemi kumfa, don gasket in ya ƙone ruwan yakan yi ta fitar da iska. Dogon ya sunkuya ya daɗe. Allura ta taso a hankali ta tsaya a tsakiya. Ba kumfa, ba hayaƙi. Ya miƙe ya mayar da tsinkensa baki, ya fara tattara sifanu.

"Ai ni ma abin da aka gaya min na bi," ya ce.

Oga ya rufe lagireto, ya sauke kafo, ya kashe motar ya zare makullin. Baffa ya miƙa hannu. Oga ya yi kamar bai gani ba, ya zagaya ya sa shi a tafin Baba.

Baffa ya ce, "Yaya, duk da haka ka duba. Yau Allah ya rufa asiri, amma titin garin nan..."

"Cewa na yi in rashin ruwa ne. Rashin ruwa ne?"

Baffa ya sosa ƙeya. "Ba shi ba ne."

"Ta ga ja ta tsaya a tsakiyar titi ana zaginta. Da kai ne, da ka ce bari in ƙarasa gida." Ya ɗaga murya kaɗan. "Hajiya."

Umma ta taho tana goge hannu a zaninta. Baba ya miƙa makullin, amma ya kauce mata, wajen durom ya miƙa. Ba ta ce masa ga ni nan ba. Ta taka zuwa inda hannunsa yake ta karɓa.

Oga ya ce yana so a zagaya da motar a kan titi, a hau tudu a shiga cunkoso, ya ga yadda allurar za ta yi. Ya shiga gaba. Umma ta zauna a bayan sitiyari. Sai da ta gwada sau uku kafin makullin ya shiga. Oga ya sunkuya yana neman wani abu a jakarsa har ta gama.

Baffa ne ya zare sakata ya buɗe ƙofar gida. Ya tsaya yana yi mata hannu, dama, dama, miƙe, kodayake ta fi shi sanin ƙofar. Da motar ta fita ya leƙo ta taga.

"Matar Yaya, in ba damuwa ki sauke ni a kasuwa."

"Shiga baya," in ji Umma. "Ke, matsa wa Baffanki."

Na matsa.